Leda a Bokitin Godelieve

Yayana Achiel bai taɓa ƙyashin kowa a kan mota ko gida ba. A kan taki ya yi nasa kishin, yana da shekara saba'in da 'yan kai, kuma saura ƙiris aurensa ya tafi a kai.

Gidajenmu a jere suke a Layin Masaƙa, nan garinmu Zandbeke, shingen waya ne kawai ya raba lambuna da nasa. Tun da mijina ya rasu, babu abin da ake yi a bayan gidan Achiel da ba na gani ta tagar kicin. Can ƙarshen lambun, a gindin bishiyar tuffa, nan jujinsa yake: akwatunan katako uku da ya haɗa da hannunsa, ɗaya na ɗanyar shara, ɗaya na wadda ta fara ruɓa, ɗaya na takin da ya nuna. In ya ɗebo nunannen a tafin hannu, baƙi wuluk yana warwashewa, sai ya kai hanci ya lumshe ido. Baƙo bai isa ya zo gidan ya tafi ba a kai shi ya shinshina ba. Har Fada, limamin cocinmu, sai da ya shinshina. Doguwar albasarsa kuwa kowa ya san babu irinta a layin.

Matarsa Godelieve, wadda muke kira Lieve, ita ke da bokitin. Ɗan ƙarami ne kore mai murfi, a nan take tara ɓawon dankali da ganyen kabeji da dusar kofi. Kullum da yamma za ta fito da shi, Achiel ya tare ta a gindin tuffa da ɗan tsinkensa na kara. Ba ya bari ta zuba sai ya tona.

"Wannan fa?"

"Ɓawon lemo ne."

"Sau nawa zan gaya miki lemo yana korar mini tana? Ga ɓawon ƙwai kuma ba ki daka ba."

"To, ranka ya daɗe."

Sai ta koma ciki da rabin abin da ta fito da shi. Haka suke tun ina amarya, har na daina ji.

Da bazarar bara majalisar gari ta kafa sabuwar doka. An hana ba da leda a kasuwar Asabar da shaguna, kowa ya zo da jakarsa. An kuma ce motar shara ta daina ɗaukar sharar kicin. Mai lambu ya yi takinsa a gida, wanda ba shi da lambu ya kai wurin takin unguwa, da za a gina a bayan zauren coci. Za a sa mutum ɗaya ya riƙe makullin wurin, ya riƙa buɗewa duk Asabar, ya tabbatar ko ƙyallin leda bai shiga ba. In aka samu leda a ciki, a kwashe takin duka a kai a ƙone, a rufe wurin. Kafin ma a naɗa kowa, 'yan layin sun laƙaba wa muƙamin suna, wai sarkin taki.

Achiel bai nemi muƙamin ba. A ganinsa zuwa za a yi a roƙe shi. Ranar da aka ce jami'ar majalisa za ta zo layinmu, ya sa Lieve ta goge masa riga, ya share hanyar lambu, ya tsaya a bakin ƙofa kamar mai shan iska. Jami'ar, wata matashiya mai suna Annelies Tytgat, ta zo a kan kekenta, ta gaishe shi da kai, ta wuce. Ta jingina keken a gaban kantin magani, ta danna ƙararrawar benen sama.

Staf Dhondt ne a benen. Tsohon direban jirgin ƙasa ne, matarsa ta rasu, ba shi da ko taku ɗaya na ƙasa sai tukunyar fure guda a taga. Shi kaɗai ya je ya ce yana son muƙamin, aka tura shi kwas, aka ba shi makulli da koriyar hula. Akwai kuma wani abu da kowa ya manta ban da yayana. Kafin Achiel ya fara neman Lieve, Staf ne ya yi rawa da ita a bikin gari na shekara, ya kuma raka ta gida sau da yawa a wannan daminar.

"Mutumin da bai taɓa riƙe shebur ba," in ji Achiel ta kan shinge. "Kin san abin da ya sani, Simonne? Ja birki."

"Ai kai ba ka nema ba, Yaya."

"In nema? A wurin yarinyar da ba ta san bambancin taki da kwalta ba?"

Da a nan ya tsaya, da mita kawai zai yi ya gaji. To amma da aka hana leda, Lieve ta fito da keken ɗinkinta. Tsofaffin labule, zanen gado, rigunan da aka daina sawa, duk ta mayar da su jakunkunan cefane, ta bi layi tana rabawa. Ni tawa daga labulen ɗakin barcinsu ta fito. Wata Asabar muna kasuwa ni da Achiel, a layin mai cuku, sai na ji ya damƙe mini hannu har da zafi. Staf ne a gabanmu, rataye da jaka shuɗiya mai gida-gida, burodi ya leƙo daga ciki. Har aljihun rigar yana nan a jikin jakar, da maɓallinsa.

"Rigata ce," in ji Achiel.

"Wadda wuyanta ya cinye? Ka fi shekara biyar ba ka sa ta ba."

"Rigata ce."

Staf ya waiwayo yana murmushi, ya ɗaga jakar. "Achiel! Ka ga aikin Lieve? Hannunta bai canja ba."

"Ina ka san hannunta da har za ka ce bai canja ba?"

Mai cuku ya tsaya da wuƙa a hannu. Staf ya yi 'yar dariya, ya ɗauka wasa ne, ya karɓi cukunsa ya zura a aljihun rigar yayana ya tafi.

Da yammar nan na ji su a gindin tuffa. Achiel bai ambaci riga ba ko sau ɗaya. A kan bokitin ya huce. Ya tsinci ɓawon albasa ya ce ya yi yawa, ya tsinci ragowar burodi ya ce ɓeraye take kira masa, ya tsinci ganyen latas ya ce da mai a jikinsa. Da ya gama, bokitin kusan a cike ya miƙa mata. Lieve ta dubi bokitin, ta dube shi, ta mayar da murfi, ba ta ce ko ranka ya daɗe ba.

Asabar ta gaba na ga ta ɗora bokitin a kwandon kekenta.

"Ina za ki da shi?" in ji Achiel.

"Bayan coci."

"Wurin nan na marasa lambu ne!"

"Doka ba ta ce an hana masu lambu ba. Na tambaya."

"Wa kika tambaya?"

"Sarkin taki," ta ce, ta taka keke.

Akwai mashaya a tsallaken zauren coci, tagarta na kallon wurin takin. Achiel da ba ya shiga sai ranar tseren tantabaru, ya zama kullum Asabar yana teburin taga da kofin giya ɗaya da ba ya ƙarewa. Ranar da ya fara zuwa, daga can kai tsaye kicin ɗina ya shigo, bai ko goge takalmi ba.

"Bai duba ba, Simonne."

"Wa? Me?"

"Staf mana. Kowa ya kawo bokiti sai ya buɗe ya sa sanda ya juya. Matar mai gasa burodi ya mayar mata da nata, wai akwai 'yar takardar da ake liƙa wa ayaba. Malamin makaranta ma ya tsayar da shi. Amma na Lieve, hannu biyu ya sa ya karɓa, ya juye ko leƙawa bai yi ba. Ya kai famfo ya ɗauraye mata. Ya ɗauraye, Simonne! Ya ce mata wani abu ta yi dariya."

"To ai ya san ba ta da ƙazanta ne."

"Wa ya koya mata? Ni na koya mata! Shekara da shekaru ina gyara bokitin nan, yanzu da ya gyaru wani zai zo ya karɓe da hannu biyu?"

Na zuba masa kofi. Ya zauna yana juya cokali.

"Yaushe rabon da ki ji ta yi irin wannan dariyar?" ya ce, ba ni yake kallo ba.

Ni ma na daɗe ban ji ba.

Daga nan ya rame. Jujinsa ma ya rame, don ciyawa da busasshen ganye kaɗai ke shiga, babu ɗanyen kayan kicin. Ya fara roƙona ɓawon dankali ta kan shinge. Duk abin da Lieve ta yi sai ya samo masa fassara. In ta sa ɗan kunne ranar Asabar, don Staf ne. In ta dawo da wuri, sun yi alkawarin haɗuwa wani wuri. In ta daɗe, to ga shi nan. Ranar da ta yi miyar doguwar albasa ta ɗebi kwano ɗaya ta rufe, ya bi ta a baya har ƙofar gidan tsohuwa Irma da ke kwance ba lafiya, ya dawo yana cewa ai ta gan shi ne ta canja hanya.

A rumbun kayan aikinsa akwai buhu guda cike da ledoji. Kowane gida a layin akwai irinsa, leda cikin leda, tun zamanin da ake ba mutum biyu in ya sayi tumatir uku. Wata rana da hantsi na hango shi zaune a bakin rumbun da almakashin lambu, yana yanka ledoji sirara-sirara.

"Me za ka yi da su, Yaya?"

"Ɗaurin tumatir."

Na yarda, don yakan ɗaure tumatir da duk abin da ya samu. Ashe duk safiyar Asabar, in Lieve ta hau sama canja kaya, sai ya buɗe bokitin, ya naɗe yankakkiyar leda a cikin ganyen kabeji, ya cusa a ƙasa, ya rufe da dusar kofi. Ita da kanta take ɗauka ta kai, Staf ya karɓa da hannu biyu ya juye, ya watsa busasshen ganye a kai. Haka aka yi ta yi har kaka ta shigo. Yayana ya koma cin abinci sosai, har da fito yake yi in yana aske shinge. Na ɗauka ya haƙura ne.

Ranar buɗe takin farko, duk layin ya hallara a bayan coci, kowa da bokitinsa ko baro, don an ce za a raba. An kafa tebur da kofi da kek. Annelies Tytgat ta zo, ta yi ɗan jawabi cewa unguwarmu ce za ta fara cin moriyar dokar. Staf ya ɗaura lakataye a ƙarƙashin koriyar hularsa. Achiel ma ya zo, ya tsaya can baya da hannu a aljihu. Lieve tana wajen tebur tana yanka kek.

Staf ya zare katakan gaban akwatin, ya luma shebur ya ɗago. Da farko na ɗauka saiwoyi ne. Sai da ya girgiza shebur ɗin muka ga suna reto, farare da shuɗɗa da masu ja, kamar taliya. Ya sake lumawa a wani gefen, haka. Ya tona ƙasa, haka. Babu inda shebur zai shiga bai fito da leda ba.

Annelies ta durƙusa ta zaro guda ta ɗaga. "Wannan ba kuskure ba ne, da almakashi aka yanka. Malam Dhondt, ba ka ce kana duba kowane bokiti ba?"

Matan layin duk sun san bokitin da ba a dubawa, sun daɗe suna gulmarsa. Ɗaya bayan ɗaya suka juya suna kallon teburin kek. Matar mai gasa burodi har da gyaran murya. Lieve ta tsaya da wuƙa a hannu, fuskarta ta yi fari fat.

Staf ma ya dube ta, sau ɗaya, sannan ya cire hularsa.

"Laifina ne," ya ce. "Nawa bokitin ne ba na dubawa. Ina yanka ledoji a gida ina cusa wa matashin kujera, ina jin sun riƙa faɗawa ciki. Ido ya fara tafiya. Ga makullinku, a ba wani, amma don Allah kada a rufe wa mutane wurin."

Ƙarya ce da ko yaro ba zai yarda da ita ba, amma kowa ya gane dalilinta. Lieve ta ajiye wuƙar, ta zagayo teburin, ta dafa hannun Staf. Idonta ya ciko. "Staf," ta ce a hankali.

Na waiwaya wajen yayana. Abin da ya yi wata da watanni yana jira ke nan, a ƙwace makulli a idon jama'a, ga shi ya samu. Amma wuyansa ya yi ja har kunne, idonsa na kan hannun Lieve.

"Ƙarya yake!"

Ya ture baron wani ya kutso gaba.

"Ƙarya yake yi! Wane matashin kujera? Ni na yanka su! Da almakashina, a bakin rumbuna, ga Simonne nan ta gani. Ni na riƙa sa su a bokitin matata duk Asabar. Ku duba shuɗɗan nan, na shagon kifin da aka rufe ne, wa ke da su a layin nan in ba ni ba?"

"Achiel, bar shi kawai," in ji Staf.

"Kai za ka ce in bari? Wane ne kai da za ka ɗauki laifin matata? In akwai mai rufa mata asiri a garin nan, ni ne, ba direban jirgi ba!"

"Ai matarka ba ta da laifi, Malam," in ji Annelies.

"Na sani! Na fi kowa sani! Lieve, ɗauke hannunki daga jikinsa."

Wani ya fashe da dariya a baya, aka zungure shi. Lieve ba ta yi sauri ba. Ta ɗauke hannun, ta kwance ƙyallen kicin da ta ɗaura a ƙugu ta ninke ta ajiye kan tebur, ta hau kekenta. Bokitin ma a nan ta bar shi.

Da na dawo gida na same ta zaune a matakalar ƙofata da ƙaramar jaka. Na buɗe mata ɗakin sama. Ba ta yi kuka ba. Washegari da safe ta sauko ta karɓi wanke-wanke, ta tsaya a tagar da nake tsayawa. Achiel yana gindin tuffa yana juya takin da ba ya bukatar juyi, yana satar kallon gidana.

"Haka kike ganinmu kullum?" ta ce.

"Haka."

"Kai, mun ba ki kallo."

Na tambaye ta gaskiya, tsakaninmu, ko akwai wani abu game da Staf. Ta dube ni kamar na zare.

"Staf? Mutumin da ya tattake mini ƙafa a wurin rawa har na yi sati ina ɗingishi? Simonne, da ina son sa ai da shi na aura, ba wanda ya hana ni. In na miƙa masa bokiti yana cewa na gode. Shi ke nan. Ɓawon dankali ne fa, na sani. Amma na gode yake cewa."

"Yaya yana son ki, kin sani."

"Na sani mana. Ya sa ni na ɗauki ƙazanta da hannuna na kai wa mutane, duk don so. Matar mai burodi ta kalle ni kamar ɓarauniya, don so."

Da rana Achiel ya zo bakin shinge da damin doguwar albasa, manya-manya, ya wanke su tas. Ya ce in ba ta. Ta ce in tambaye shi ko ya duba babu leda a ciki. Na isar da saƙon yadda aka ba ni. Ya ajiye albasar a kan shinge ya koma.

Annelies ta fi yadda muka zata sauƙin kai. Ta ce in aka tankaɗe takin duka da hannu, aka tsince ledar har ta gamsu, ba za ta rufe wurin ba, makulli kuma yana hannun Staf. Wanda ya ɓata shi zai gyara, mai makulli ya tsaya a kansa. Haka yayana ya ɗauki babbar rariyarsa ta waya a baro, ya bi ta gaban mashaya ana leƙensa ta taga, ya je ya yi sallama da Staf Dhondt.

Ni ke kai musu kofi da burodi da rana, don Lieve ta ce ko mutum ya yi laifi ba a bar shi da yunwa ba, amma ita ba za ta je ba. Staf na zuba taki da shebur, Achiel na girgiza rariya yana tsince leda yana jefawa a buhu. Bakinsu bai huta ba.

"Wannan ba taki ba ne, kunu ne. Ruwa ya yi masa yawa. Me suka koya maka a kwas ɗin, dama fura?" Haka nake jin Achiel tun daga kwana.

"Ka dai tsinci ledarka, dattijo. Ga wata can ta wuce ka."

"Na gan ta."

"Ba ka gan ta ba, sai da na faɗa."

A rana ta uku ko ta huɗu, ina zuba musu kofi, Achiel ya ajiye rariya ya goge hannu a wando.

"Tambaya ɗaya zan yi maka, kuma kada ka yi mini irin ƙaryar matashin kujera. Me ya sa ba ka duba bokitinta?"

Staf ya kurɓi kofi. "Tsoro."

"Tsoron me?"

"Ranar farko da ta zo, na ɗauko sandata zan sa a ciki kamar na kowa. Ta riƙe murfin ta ce, Staf, in sandar nan ta taɓa bokitina, a kanka zan juye shi, har da hular. Ta ce ta ƙoshi da bincike a gida. Ka ga idonta kuwa? Ni ai tun daga ranar hannu biyu nake sawa, in ɗauraye in miƙa, in rabu lafiya."

Achiel ya fashe da dariya, har ya dafa akwati. Na daɗe ban ga ya yi irinta ba. Staf ma ya taya shi. Can sai dariyar yayana ta tsaya cak.

"Kai ta gaya wa haka?"

"Ni kuwa."

"Ni ba ta taɓa cewa za ta juye mini bokiti a kai ba." Ya ɗauki rariyar ya girgiza da ƙarfi. "Shekara arba'in da wani abu, to ranka ya daɗe kawai nake samu. Kai daga zuwa ka samu wannan."

Staf ya dube ni, na dube shi. "Simonne," ya ce, "yayan nan naki ba shi da magani."

Suka gama tankaɗen, Annelies ta zo ta tona nan da can ta ce ya yi. Aka raba takin ba kek ba jawabi. Achiel bai karɓi ko cokali ba, ya ce ba zai sa kunu a lambunsa ba, amma ya bar wa Staf rariyar, wai aro.

Lieve ta kusa wata guda a ɗakina na sama. Achiel ya koyi dafa ƙwai, ya ƙona tukunya biyu, ya zo bakin shinge ya ba da haƙuri sau ɗaya da babbar murya yana kallon bishiya. Ta ji shi ta taga, ta ce da ni muryar ta yi, saura kallon.

Ana cikin haka majalisa ta sanar cewa duk mai lambun da ke so za a ba shi kaji biyu, su riƙa cinye sharar kicin, da sharaɗin ba za a yanka su ba. Lieve ba ta yi shawara da kowa ba. Wata safiya ta fita da keke, ta dawo da kwali mai huji-huji ɗaure a baya. Ba ƙofata ta tsaya ba, tasu ta shiga, ta tura keken har gindin tuffa. Achiel ya miƙe da manjagara a hannu.

"Suna bukatar akurki," ta ce.

"To. To, zan yi musu. Can wajen rumbu akwai fili."

"Nan nake so. Akwai inuwa."

"Nan ai akwatunan..."

"Biyu sun ishe ka."

Ya dubi akwatunansa uku, ya dube ta. Kafin azahar na ji ƙarar guduma. Da hannunsa ya ɓalle na farkon, da katakan ya yi akurkin, har da ɗan tsani. Da yamma ta zo ta ɗauki jakarta a wurina, ta sumbace ni a kumatu, ta ce in zo cin abinci ranar Lahadi.

Yanzu kusan duk abin da ya fito daga kicin ɗin nan na kaji ne, ja da baƙa. Lieve takan fito da safe ta durƙusa a bakin akurki tana watsa musu ganyen latas da ɓawon tuffa, tana ce musu 'yan matana, kun kwana lafiya, wa ya yi mini ƙwai yau. Achiel yana samun kashin kajin, kuma da bakinsa ya ce takinsa bai taɓa ƙarfi irin na bana ba. Amma shekaranjiya ina shanya sai ga shi a bakin shinge, ya rage murya.

"Kin ji yadda take musu magana?"

"Kaji ne fa, Yaya."

"Na san kaji ne. Jar nan, ki lura da ita. In Lieve ta ɗauke ta, ta kan kafaɗarta take leƙo ni."

Lieve ta ƙwala masa kira daga kicin, wai ya zo ya ɗauki ruwan kaji. Ya ce yana zuwa, ya tafi da sauri.